Darasi na 14: Man Kifi da Mai Ciwon Lufus

A shagunan magani na manyan garuruwanmu, kwalaben da aka rubuta wa omega-3 sun cika kanta. Kafso ne masu ruwan zuma, da man kifi a cikinsu, ana tallata su ga mai ciwon gaɓoɓi da mai hawan jini da mai juna biyu. Cikin waɗanda tallar ta fi ja akwai masu fama da lufus, domin ciwonsu ba ya rabuwa da su gaba ɗaya, kuma wanda ya daɗe yana jinya, duk abin da aka ce masa magani ne sai ya miƙa hannu. A wannan darasi za mu ga abin da man kifi yake iya yi wa mai lufus da inda ƙarfinsa ya tsaya, mu koyi karanta rubutun jikin kwalba, mu kuma yi lissafin da zai hana a kashe kuɗi a banza.

Ciwon da ke ɓuya a bayan zazzaɓi

Allah ya yi wa jikin mutum garkuwa mai yaƙar ƙwayoyin cuta. A jikin mai lufus, garkuwar ce take rikicewa ta auka wa jikin da take tsaro, kamar karen gadi da ya daina gane mutanen gida ya koma cizonsu. Duk inda ta taɓa sai kumburi ya tashi: a fata, a gaɓoɓi, a ƙoda, a jini, a rufin huhu da na zuciya, wani lokaci har ƙwaƙwalwa. Cikin mutum 10 masu ciwon, kusan 9 mata ne, kuma ya fi bayyana tsakanin shekara 15 zuwa 45, wato daidai shekarun aure da haihuwa. Ya fi yawa, ya kuma fi tsanani, a tsakanin baƙar fata fiye da Turawa. Ba a ɗaukarsa daga wani, ko ta abinci ko ta kwanciya.

Alamunsa su ne ke sa a daɗe ba a gano shi ba. Ga zazzaɓi mai zuwa ya tafi, ga gajiyar da barci ba ya maganinta, ga ciwon gaɓoɓin hannu da safe, ga zubewar gashi da gyambon baki, ga ƙuraje a kumatu da karan hanci masu ƙaruwa in an shiga rana. A wurinmu mace sai ta sha maganin zazzaɓin cizon sauro da na taifod sau da yawa kafin wani likita ya ce a gwada jininta don neman lufus. Kafin nan wataƙila an ce sammu ne, an ce iska ce, an zagaya da ita wurare. Ranar 10 ga watan Mayu ta kowace shekara aka keɓe a duniya domin wayar da kai game da wannan ciwo.

Akwai wata ɗabi'a ta lufus da ya kamata ɗalibi ya riƙe, don za mu dawo kanta: yana tashi, yana lafawa. Mutum zai yi makonni a kwance, sannan ya miƙe kamar ba shi ba, bayan wata biyar ko shekara ciwon ya sake motsawa.

Magungunan da ke riƙe shi sanannu ne. Na farko shi ne haidiroksikulorokwin, ɗan'uwan kulorokwin ɗin da aka saba sha a da don zazzaɓi, wanda ake so kusan duk mai lufus ya riƙa sha kullum, har da mai ciki. Sai firednisolon don kwantar da kumburi cikin gaggawa, sai magunguna masu danne garkuwar jiki idan ciwon ya taɓa ƙoda ko wata gaɓa mai muhimmanci. A shekarar 1991 likitoci a Kanada sun buga sakamakon wani gwaji: masu lufus da ciwonsu ya lafa, aka ɗauke wa wasunsu haidiroksikulorokwin, wasu suka ci gaba da sha. Haɗarin tashin ciwon ga waɗanda aka ɗauke wa ya ninka na sauran sau biyu da rabi.

Mene ne omega?

Maiƙon da muke ci iri-iri ne. Akwai nau'i biyu da jiki ba ya iya ƙerawa da kansa, dole sai daga abinci, abin da wasu masana biyu, miji da mata, George da Mildred Burr, suka fara ganowa a Amurka a 1929. Su ne dangin omega-6 da dangin omega-3. Shi omega-6 ba mu da ƙarancinsa: yana cikin man gyaɗa, da riɗi, da man waken suya, da man auduga. Akwai kuma omega-9, wanda jiki ke yin nasa, kuma ya cika man gyaɗa da man zaitun.

Omega-3 kuwa kashi uku ne, kuma sai an rarrabe su, don a nan ake yi wa mai saye wayo. Na farko ana rubuta shi ALA, daga tsirrai yake fitowa, kamar waken suya. Na biyu EPA, na uku DHA, su kuma daga kifin teku mai maiƙo. Waɗannan biyu na kifi su ne ke da aiki a kan kumburi. Jiki yana iya juya ALA ya zama EPA, amma ɗan kaɗan yake juyawa, wanda yake kaiwa ga DHA kuma bai taka kara ya karya ba.

Yadda suke aiki shi ne, bangon kowace ƙwayar halitta ta jiki da maiƙo aka gina shi. Idan garkuwar jiki za ta tayar da kumburi, daga wannan bango take ɗibar maiƙon da za ta haɗa sinadaran da ke kira wa wurin zafi da ja da ciwo. In mutum ya daɗe yana cin EPA da DHA, sukan shiga bangon su maye gurbin wani kaso na maiƙon da ke can, sinadaran da ake haɗawa daga gare su kuma ba su kai na farko zafi ba. Daga cikinsu ma jiki ke yin wasu sinadarai da aikinsu kashe wutar kumburi bayan ta gama aiki. Wannan canji ba na kwana ɗaya ba ne, makonni yake ɗauka zuwa watanni. Don haka wanda ya ce ya sha kafso jiya yau gaɓoɓinsa sun saki, ba man kifi ne ya sake su ba.

Kada a fahimci cewa omega-6 guba ne. Jiki yana bukatarsa, kuma babu dalilin da zai sa mai lufus ta daina girki da man gyaɗa. Abin lura kawai shi ne, kwalbar da aka rubuta wa omega 3-6-9, wadda sau da yawa ta fi tsada, kashi biyu cikin ukun abin da take alfahari da shi suna nan a madafin gidanku.

Abin da gwaje-gwaje suka nuna

Labarin man kifi ya samo asali ne daga wasu likitoci biyu 'yan ƙasar Denmak, Bang da Dyerberg, da suka je tsibirin Girinlan a shekarun 1970 suka auna jinin mutanen can, masu rayuwa a kan kifi da naman dabbobin teku, suka danganta abincin nasu da lafiyar zuciya. A 1981 kuma masu bincike a Amurka suka ciyar da man kifi ga wani jinsin ɓeraye da ke kamuwa da ciwo irin lufus. Ƙodar ɓerayen ta tsira, suka kuma yi tsawon rai fiye da 'yan'uwansu. Wannan ya sa aka sa rai ƙwarai.

Da aka zo kan mutane, sai abin ya zama da sauƙi-sauƙi. A 1993 an gwada man kifi a Kanada a kan masu lufus da ciwon ya taɓa musu ƙoda: kitsen jininsu ya ragu, amma aikin ƙodar bai gyaru ba. A 2008 likitoci a birnin Belfas na Ailan ta Arewa suka raba masu lufus 60 gida biyu, aka ba wa rabi gram 3 na omega-3 kullum har mako 24, sauran aka ba su kafso mai kama da shi wanda babu man kifi a ciki. Waɗanda suka sha man kifin, alamun ciwonsu sun ragu, jijiyoyin jininsu kuma sun fi buɗewa yadda ya kamata. Bayan shekara biyar, a 2013, aka yi irin wannan gwaji a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka da mutum 85, gram 3 kullum na mako 12, ba a ga wani bambanci ba a ƙarfin ciwon ko a jijiyoyin jini. A 2015 wani gwaji a jihar Teksas da mutum 50 na tsawon wata 6 ya nuna ɗan sauƙi a yadda likitoci suka auna marasa lafiyar. Duk gwaje-gwajen nan ƙanana ne, yawancinsu na 'yan watanni, kuma akasarin waɗanda aka gwada ciwonsu ba mai tsanani ba ne.

Me ya sa masu binciken suke wahalar da kansu da raba mutane gida biyu? Saboda ɗabi'ar nan ta lufus da muka ambata. Mutum ba ya neman sabon magani sai ciwo ya kai masa iya wuya. Daga wannan matsayi kuwa, sau da yawa ciwon sauka zai yi, ko an sha sabon abu ko ba a sha ba, balle ma a daidai lokacin likita ya ƙara masa firednisolon. Sai sauƙi ya zo, a ba wa kwalbar da aka saya jiya lada. Mai ba da labarin ba ƙarya take yi ba, da gaske ta ji sauƙi. Amma ba a sanin ko kwalbar ce ta yi aikin sai an kwatanta da wasu masu irin ciwonta da ba su sha ba. Wannan ma'auni ya shafi kowane magani da aka ce ya warkar da wance, na kemis ne ko na gargajiya.

In aka tattara, man kifi yana iya rage wa wasu masu lufus ɗan ciwon gaɓoɓi da gajiya. Babu gwajin da ya nuna yana hana ƙoda lalacewa, ko yana hana ciwon tashi, ko yana iya zama a madadin magani ko da guda ɗaya.

A ganina, inda ya fi cancanta a yi maganarsa shi ne zuciya. Kumburin shekara da shekaru yana lalata jijiyoyin jini, firednisolon kuma yana ƙara kitsen jini da sukari da hawan jini. Wani bincike da aka buga a 1997 daga birnin Pittsburgh ya nuna cewa mata masu lufus 'yan shekara 35 zuwa 44 sun fi sa'o'insu marasa ciwon haɗarin bugun zuciya fiye da sau 50. Aikin da aka tabbatar omega-3 yana yi, ba tare da gardama ba, shi ne sauke wani nau'in kitsen jini da ake kira tiraigilisaraid: gram 2 zuwa 4 a rana yakan rage shi da kashi 20 zuwa 30 cikin 100. Mai lufus da gwaji ya nuna wannan kitse ya hau a jininta tana da dalili mai ƙarfi na tambayar likita game da shi.

Karanta jikin kwalba

Ɗauki kwalba ka duba gabanta. Za ka ga an rubuta 1000 mg da manyan lambobi. Wannan nauyin man da ke cikin kafson ne gaba ɗaya. Juya bayanta, ka nemi ƙananan rubutu inda aka sa EPA da DHA. A irin kafson da ya fi yawa a kasuwa za ka ga EPA 180, DHA 120. Haɗa su: miligiram 300. Sauran 700 wani maiƙo ne daban. Ka kuma duba ko lambobin na kafso ɗaya ne ko na biyu, don wasu kamfanoni na biyu suke rubutawa.

Yanzu mu yi lissafi. Gram 3 da aka ba wa mutanen Belfas miligiram 3,000 ke nan. Raba 3,000 da 300, ka samu 10. Wato da irin wannan kafso sai an sha 10 kullum kafin a kai abin da aka gwada. Kwalba mai kafso 60 za ta ƙare a kwana 6, a wata ana bukatar kwalba 5. Mai shan ɗaya a rana tana samun kashi ɗaya ne cikin goma. Ba an kawo lissafin nan don a ce wa kowa ya haɗiyi kafso 10 ba, yawan da za a sha likita ne ke yanke shi. An kawo shi ne don a ga tazarar da ke tsakanin talla da gwaji, kuma a auna kuɗin. Gidan da kuɗin magani ya yi wa kaɗan, haidiroksikulorokwin ne farko, sai awon fitsari da na jini a kan lokaci, sai kuɗin motar zuwa asibiti. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne a ga an tsallake waɗannan an sayi man kifi, domin lufus yakan ci ƙoda shiru, ba ciwo ba zafi, sai ranar da ƙafafu suka kumbura, fitsari ya yi kumfa, a fara maganar wankin ƙoda.

Sauran abin dubawa a kwalba: lambar rajistar hukumar NAFDAC ga wanda ke Najeriya, da ranar ƙarewar aiki. Man kifi ba ya jure zafi da haske, kwalbar da ta kwana biyu a shagon kwano cikin watan Afrilu tana iya lalacewa tun ranarta ba ta cika ba. Fasa kafso ɗaya ka shinshina. Ɗan ƙarni ba laifi, amma wari mai hawa kai da ɗaci alama ce ta lalacewa. A ajiye a wuri mai sanyi da duhu, a firji in akwai. Fatar kafson kuma yawanci daga jikin dabba ake yinta, ta saniya ko ta kifi ko ta alade, don haka mai kiyaye halal ya nemi wadda aka bayyana asalinta, ko ya sayi na ruwa.

Waɗanda za su yi hattara

Ga yawancin mutane illarsa ƙarama ce: gyatsa mai ƙarni, ƙwannafi, sakin ciki. Shansa a tsakiyar cin abinci yana rage su. Hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta ce a 2012 har gram 5 a rana ba ya da haɗari ga baligi mai lafiya. To amma mai lufus ba a sahun masu lafiya take ba.

Kusan kashi ɗaya cikin uku na masu lufus suna ɗauke da wasu sinadaran garkuwa da ke sa jini ya yi guda a cikin jijiya, su ne kuma ke jawo wa wasu yawan ɓari. Irin waɗannan akan ɗora su a kan asfirin ko wafarin don tsinka jini. Wasu kuma ciwon yana rage musu ƙwayoyin jinin da ke tsayar da zuba. Man kifi shi ma yana ɗan rage saurin daskarewar jini, saboda haka kada a haɗa shi da waɗannan sai da sanin likita. In aka ga haɓo, ko jini a dasashi, ko al'ada ta yi yawa fiye da yadda aka saba, a koma asibiti. Wanda za a yi wa tiyata ya faɗa tun da wuri cewa yana sha. Manyan gwaje-gwajen masu ciwon zuciya sun kuma nuna cewa shan gram 4 a rana yana ɗan ƙara haɗarin rikicewar bugun zuciya.

Man hantar kifi, wanda iyaye suka saba ba wa yara da cokali, daban yake da man kifi. Yana ɗauke da bitamin A mai yawa, wanda ke taruwa a hanta, kuma in ya yi yawa yana iya nakasa ɗan tayi. Mai ciki ko mai neman ciki ta bar shi. Sannan duk wani haɗin da aka ce yana ƙara ƙarfin garkuwar jiki, mai lufus ta guje shi, don garkuwarta ƙarfi ne ya yi mata yawa.

A ce wata matashiya ta shiga ɗakin likita da kwalba a jaka. Ga yadda ya dace zancen ya kasance:

"Likita, yayata ce ta aiko mini da wannan daga Abuja, ta ce in na samu sauƙi in rage ƙwayoyin nan. Ban fara sha ba sai na tambaye ka."

"Kin kyauta, Malama. Mu gani. Kina shan asfirin ko wafarin?"

"Asfirin ƙarami, tun bayan ɓarin da na yi."

"To bari mu duba jininki tukuna. In ba matsala, sai in faɗa miki nawa za ki sha. Amma ƙwayoyinki ko ɗaya kada ki taɓa, musamman firednisolon, tsayar da shi farat ɗaya yana iya kayar da mutum. Ki gaishe da Yaya, ki ce mata haka na ce."

Hanyar kasuwa

Likitocin zuciya sun daɗe suna ba da shawarar cin kifi sau biyu a mako, musamman mai maiƙo. Kifin ƙanƙara da ake kira titus, da shawa, da sadin na gwangwani, duk suna cikin masu arzikin EPA da DHA. Gram 100 na titus yana ɗauke da fiye da miligiram 1,000, wato ya zarce kafso uku na irin wanda muka lissafa, ga furotin da bitamin D a kai, wanda masu lufus kan rasa saboda gudun rana. Tarwaɗa da karfasa abinci ne masu kyau, sai dai omega-3 ɗinsu kaɗan ne. Dafa kifin a miya ko gasa shi ya fi a soya shi ƙayau a mai. Mai hawan jini ko ciwon ƙoda ta kula da gishirin na gwangwani, ta kuma tambayi likita yawan kifi da naman da ya dace da ita.

Aikin aji

1. An rubuta a bayan wata kwalba: kafso 2 suna ɗauke da EPA 360 da DHA 240. Miligiram nawa na omega-3 ke cikin kafso ɗaya? In likita ya ce a sha miligiram 900 a rana, kwana nawa kwalba mai kafso 90 za ta yi?

2. Maƙwabciyarku mai lufus ta ce tun da ta fara shan man kifi ta miƙe, don haka za ta daina zuwa asibiti. Ku tattauna ku biyu-biyu: waɗanne abubuwa ne kuma za su iya zama sanadin sauƙin da ta samu, kuma da wane lafazi za ku yi mata magana ba tare da kun ƙaryata ta ba?

3. A gida, kowa ya rubuta a takarda ɗaya sunayen duk abin da wani mara lafiya na gidansu yake sha, na asibiti da na kemis da na gargajiya, da yawan da yake sha a rana. A zo da takardar a darasi na gaba, ba tare da an rubuta sunan mara lafiyar ba.